Hoton namun daji a bangon falo: ku ba ni shawara kafin in saya

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun tare a sabon gida nan Kaduna, an gama fenti, an sa labule da kujeru, amma bangon da ke bayan doguwar kujera fayau yake, babu komai a jikinsa. Falon madaidaici ne, fentin ruwan madara, kujerun kuma ruwan ƙasa. Na ga wasu hotuna masu firam a wani shago, guda uku a jere, daji ne mai dogayen itatuwa da hazo, ga wata barewa mai ƙaho mai rassa tsaye a tsakiya. Wallahi sun tafi da hankalina, don tun ina yarinya nake son namun daji. Maigidan bai hana ba, ya dai ce in yi tambaya tukuna. To ga ni. Irin wannan ado yana dacewa da falo irin namu? Wane iri ne ke jure ƙura da zafin garin nan? Sannan me malamai suka ce a kan rataye hoton dabba a cikin gida? Wanda ya taɓa sawa ya faɗa min yadda ya ƙare da shi.

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a. 'Yar'uwa, ni tambayarki ta ƙarshe ita ce ta farko a wurina. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Sabon gida guda, ai albarka ake nema masa. Ki bar mai rai, ki nemi wani abin.

Zulai_Kayan_Ado:
Barka da tarewa Maman Ilham. Bangaren malamai na bar wa masu shi, ni ga abin da na sani a sana'ata. Kafin ki biya ko sisi, ki auna kujerar. Faɗin hotunan gaba ɗaya ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na tsawonta. Idan mai zaman mutum uku ce, za ta kai kamar ƙafa 7, to firam uku masu inci 16 da 24 a tsaye, da tazarar inci 3 tsakaninsu, za su ba ki inci 54, daidai ke nan. Tsakanin saman kujera da gindin firam ki bar inci 6 zuwa 8. Abin da ya fi ɓata ado a gidajenmu shi ne a kai hoto can kusa da silin, sai baƙo ya ɗaga wuya kafin ya gani. Tsakiyar hoto ya zo daidai idon mai tsayuwa.

Ki samu tsohuwar jarida ki yanke ta daidai girman firam ɗin, ki manna a bango da salatif, ki zauna da ita kwana biyu. Idan girman bai yi miki ba, jarida kawai kika yi asara. Kala kuma, da ruwan madara da ruwan ƙasa, hoto mai kore da ɗan ruwan zinare na hantsi ko na la'asar zai fi zama da falon. Mai hazo shuɗi-shuɗi yakan sa ɗaki ya yi sanyin kallo, ya rabu da kujerun.

ƊanAlkaleri:
Hajiya, wannan barewar da kika gani ba tamu ba ce. Mai ƙaho mai rassa ta ƙasashen sanyi ce, Turai da Amurka da Asiya, duk shekara take zubar da ƙahon wani ya fito. A duk Afirka kudu da Sahara babu irinta 'yar asalin yankin. Namu ƙahonsu ba ya reshe, ba ya kuma faɗuwa. Irin hotunan nan a kwantena ake shigo da su, shi ya sa za ki je gida goma ki tarar da barewa ɗaya, daji ɗaya, hazo ɗaya.

Ni a gefen Yankari na tashi, kuma abin yana ci min rai. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye, ɗaya daga cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, mugun dawa, ga gwaggon biri da ke yawo har cikin masaukin Wikki. Ki tsaya bakin kogin Gaji da rani, wajen Maris, lokacin da ruwa ya janye dabbobi suka taru a wurin, ki ga gwanki ya fito daga ciyawa da farin zanen nan na fuskarsa da dogayen kunnuwa, ƙaho ya lanƙwasa baya. In dai za a rataya dabba, don Allah a rataya tamu.

Sadiq_Fagge:
Magana ta gaskiya ƊanAlkaleri. Na tambayi yaran gidanmu mene ne gwanki, babu wanda ya sani, alhali sun san panda da kangaru daga katun. Karin maganar gwanki sha bara ma sun ji ta a bakin kakarsu, amma ba su san kamannin dabbar ba.

Almajirin_Zaure:
Bismillah. Malama Ummu Khairat ta kawo hadisi ingantacce, babu ja a kansa. Sai dai yana da kyau mai tambaya ta ji yadda malamai suka fahimce shi, don ba bakinsu ɗaya ba.

Abin da aka haɗu a kai: sassaƙa ko ƙera surar mai rai cikakkiya, mai jiki, wadda in an haska ta za ta yi inuwa, wannan haramun ne, ban da 'yar tsanar wasan yara. Haka an haɗu a kan cewa hoton abin da ba shi da rai, bishiya, dutse, kogi, babu laifi. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci, sai ya ce masa in ba makawa ya zana bishiya da duk abin da babu rai a cikinsa.

Saɓanin yana kan zane shimfiɗaɗɗe, na takarda ko ƙyalle ko bango. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi karantawa a zaurukanmu, sun tafi a kan cewa wanda ba shi da inuwa makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, kamar a rataye, idan kuma a wurin da ake takawa ne ko jingina, barinsa ya fi amma bai kai karhanci ba. Da yawa daga malaman sauran mazhabobi sun ce rataye shi haramun ne, da inuwa ko babu, suna kafa hujja da labulen Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, mai hotuna, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, ta yanka shi ta yi matasai.

Hoton kyamara kuma ya zo daga baya. Wasu malaman zamani sun sa shi cikin hukuncin zane, wasu sun ce kama hasken abin da Allah ya halitta ne, ba kwaikwayon halitta da hannu ba. Ko cikin masu sauƙaƙawar akwai waɗanda ba sa son a rataye. Hajiya, ki sami malamin da ke da maigidanki kuka amince da iliminsa, ku gaya masa ainihin abin da za ku rataya da inda za ku rataya. Allah ne mafi sani.

Ummu_Khairat:
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru. Amma ko a bayanin naka, mafi sauƙin hukunci a rataye shi ne makaruhi. Ni ban ga abin da zai sa in kashe kuɗi in sayo makaruhi in kafa a falona ba, alhali ga halal tsantsa a gefe. Ra'ayina ke nan, ban ce kowa ya bi ba.

Abu_Mus'ab:
Ina tare da Ummu Khairat. A ƙara da cewa falo a yawancin gidajenmu wurin sallah ne, mata da baƙi nan suke shimfiɗa darduma. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta kawar da wani labulenta domin hotunansa suna bijiro masa a cikin sallah. To ina ga mu, a ce ga giwa inci 24 tana kallonka kana tahiya?

Almajirin_Zaure:
Wannan gaɓar mai ƙarfi ce Malam Abu Mus'ab. Ko wanda ya ɗauki fatawar sauƙi, kada ya sa a bangon alƙibla. Hasali ma duk abin da zai ɗauke hankalin mai sallah, ko da furanni ne, a kawar da shi daga gabansa.

Kafinta_Rimi:
Salamu alaikum. Firam sana'ata ce, bari in faɗi abin da ake dawo min da shi gyara. Waɗannan na shago masu ƙyalli, yawancinsu ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda. Da rani lafiya lau. Damina na kamawa, bango ya fara tsatsafo da danshi, sai bayan ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, kusurwa ta buɗe. Hajiya sabon gida kika ce, to sabon gini yana daɗewa yana fitar da ruwa daga siminti. Ki taɓa bangon da tafin hannu da asuba, in kin ji sanyi mai laima ki ɗan jinkirta.

Ki sa a yi miki da katako na gaske wanda ya bushe, maɗaci in da hali, a shafa masa maganin gara kafin a yi masa fenti ko banish. A rufe bayan gaba ɗaya da takarda mai ƙarfi, a bi gefe da gam, don ƙurar hunturu ta ƙaramar kafa take shiga ta kwanta a cikin gilashi, inda tsumma ba ya kaiwa. A manna 'yan robobi biyu a kusurwoyin ƙasa ta baya, firam ya ɗan ɗaga daga bango iska ta riƙa wucewa. Hakan yana hana fumfuna, yana kuma rage kyankyaso da tsaka yin gida.

Wajen kafawa, ƙusar kankare ɗaya ba ta riƙe babban firam mai gilashi a bulon da yashinsa ya yi yawa. A huda da inji, a sa fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a ramin, da sukuru, biyu ga kowane firam don kada ya riƙa karkacewa. A duba kada a huda saitin soket ko makunnin wuta, waya tana bi ta nan a miƙe. In bangon bayan banɗaki ne, a canja wuri kawai.

Hajiya_Turai:
Ɗana kafinta ya yi bayani, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya bai faɗa ba, turaren wuta. Mu da ba ma rabuwa da kasko safe da yamma, hoton kambas wanda ba gilashi ba namu ba ne. Ina da na tsuntsaye a kan ruwa, fararen balbelu. Hayaƙin ya bi saƙar ƙyallen a hankali, fararen nan suka koma ruwan goro, in ka sa jiƙaƙƙen tsumma kuma kalar ce ke biyo shi. Na gilashi kuwa sau ɗaya a mako a goge, shi ke nan. A fesa ruwan a jikin tsumma, kada a fesa a gilashin, don yana gangarawa ya shiga ta ƙasa ya jiƙa takardar.

Maman_Ilham:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama Hajiya Turai, kamar kin san gidana, kaskon turare ba ya hucewa. Waɗanda na gani ɗin kuwa kambas ne. Malam Abu Mus'ab, bangon da nake nufi yana yamma ne, mai sallah baya zai ba shi. ƊanAlkaleri, ban taɓa sanin barewar ba ta nan ba ce. To in mutum yana son na dabbobinmu, a ina zai samu? Ban taɓa gani a shago ba.

Bamaraɗe_227:
Gaisuwa daga Maraɗi. In za a yi zancen namu, kada a manta da raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Irinsu na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai suka rage a duniya. A 1996 an ƙidaya 49 kacal. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya a kansu, sun haura 600. A 2018 an ɗauki 8 aka kai Gadabeji, nan cikin jiharmu, inda da can akwai su suka ƙare. Fatarsu ta fi ta na gabashin Afirka haske, kuma ba a cikin shinge suke ba, cikin gonaki suke yawo suna cin ganyen gawo, manomi na aikinsa suna wucewa.

Ina da hoton uwa da ɗanta a gindin gawo, ga rumbun hatsi daga nesa. Na sa shi a zaure inda nake karɓar baƙi. Duk wanda ya shigo sai ya ce Kenya ce, in ce masa Nijar ce, daga nan hira ta tashi. Tun harin da aka kai a wurin cikin Agustan 2020 masu ziyara suka ja baya, masu rakiyar baƙi suka shiga wani hali. Ko don haka ina son mutane su riƙa ganin hoton.

Hajiya, don bango mai tsawo a tsaye, kamar tsakanin taga biyu, babu kamar raƙumin dawa.

ƊanGembu:
Ina jin daɗin hirar nan, amma a yi gyara kaɗan. Maman Ilham daji mai dogayen itatuwa da hazo ta gani ya burge ta. Yankari da Kure ba haka suke ba, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. In kurmi ake so mai duhu da hazo, muna da shi. Gashaka Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. A kurmin akwai biri mai ganga, wanda ke dukan gindin bishiya ana ji daga nesa, akwai baƙin biri mai farin gashi a kafaɗa da jela. A saman Mambila ga kurmin Ngel Nyaki, da safe hazo yakan sauko har ka kasa ganin wanda ke gabanka.

In aka gangara kudu, Kuros Riba na da gorila irin nasu na daban, ba su wuce 300 ba a duniya, tsakaninmu da Kamaru. Okomu a jihar Edo na da giwar kurmi, wadda ta fi ta fili ƙanƙanta, kunnenta a zagaye, haurenta a miƙe yana kallon ƙasa. Duk hazon da ake nema a hoton kanti, akwai shi a Taraba.

ƊanAlkaleri:
Na karɓi gyara ɗan'uwa, Yankari ba kurmi ba ne, sai dai bakin Gaji akwai duhuwa. Ni dai burina a daina cika bango da dajin wasu. Ko Taraba ko Bauchi, duk gida ne.

MaiKyamara_Zariya:
Hajiya ta tambayi inda ake samu. Ba a shago ba, wurin masu ɗauka. Akwai matasa da dama a Instagram da Facebook da ke ɗaukar tsuntsaye da namun daji a Yankari, da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, da tsaunukan Filato. Ki yi wa mai hoton magana, ku daidaita, ya ba ki asalin fayil ɗin. Don Allah kada a kwafo hoton mutum a intanet a kai a wanke ba da izninsa ba. Wanda ya ɗauki burtu ko gauraka a daji ya yi sammako, ya sha cizon ƙudan tsando, ya ƙona mai, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Haƙƙinsa ne.

Ko ta fuskar kyau ma, hoton da aka kwafo ƙarami ne. Don inci 16 da 24 ana son aƙalla fiksel 2400 da 3600. In za a turo ta WhatsApp a turo shi a matsayin fayil, in aka turo shi yadda aka saba manhajar tana matse shi, gashin dabba ya dame. Wajen wankewa ki ce takardar hoto marar ƙyalli kike so, tunda gilashi zai hau kai. Kada ki yarda a buga miki a ledar da ake allunan talla da fastocin siyasa, ba ta da laushin kala, daga kusa ɗigo-ɗigo ake gani. Sannan a kiyaye rana. Bangon da hasken taga ke duka kai tsaye yana cinye kala, ja da rawaya su fara tafiya, a bar miki hoto shuɗi. Ki kuma zauna a kujerar da ke fuskantar wurin da dare, fitila a kunne, ki ga ko ƙwan zai riƙa haskowa a gilashin.

Talatu_Bukuru:
Sannunku. Mu a gidanmu Kirista ne, don haka wancan batun bai taso mana ba, amma na karanta bayanin Malam da girmamawa, don ina da maƙwabta da 'yan'uwa Musulmi da nake saya wa kyautar biki. Yanzu na san abin da zan kiyaye. Nawa zanen hannu ne, wani ɗalibi mai koyon zane a nan Jos ya yi min zabin daji guda biyar suna kiwo a gindin dutse. Mun je gidan namun daji na Jos da yara, ƙaramar tana ganin zabin ta gane su tun kafin a faɗa mata. A riƙa tunawa da masu zanen gida, suna da hannu, kasuwa ce babu.

Baba_Na_Ƙofar_Doka:
'Ya'yana, ina ta karatu ina tuna da. Mu da muka taso ɗakin uwa ba ya buƙatar hoto. Jere ne tun daga ƙasa har rufi, tasoshi da kwalla da fentin faranti, kowanne an goge yana ɗaukar ido, faifai masu launi a sama. Waje kuma magini ya yi wa ƙofar gida zane da hannunsa tun ƙasa na ɗanye, dagi, da takobi, daga baya har keke da agogo suka shiga. Wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko ya shiga Gidan Makama a Kano ko unguwar Birni a Damagaram zai ga saura. Wanda ya sauke Alƙur'ani kuma allon zayyanarsa ne adon ɗakinsa.

Namun daji kuwa ba a bango muka san su ba. A bakin maharba muka ji su, da tatsuniya da dare, wasu kuma mun gan su da ido a hanyar Falgore in za a je Jos. Yau jikana bai taɓa jin kukan kura ba. Gandun dajin Kamuku da ke nan Birnin Gwari kusa da ke, 'yata, wa zai kai yaro can yanzu? Shi ya sa ban iya tsawata wa mai son rataye hoton ba, ko da yake ni ban rataya ba.

Zulai_Kayan_Ado:
Allah ya ƙara girma Baba. Abin da ka faɗa ma yana dawowa. Ina haɗa wa mutane firam ɗaya babba a tsakiya, faifai uku ko biyar a gefe ɗaya, ba a jere ba, a ɗan warwatse. Launin kaba da na busasshiyar ciyawar da ke cikin hoton suna ɗaukar juna sosai. Sharaɗin kawai kada a cika. Bango ɗaya ya yi magana, sauran su yi shiru.

Garkuwa_99:
Tambaya a gefe. Wani ya yi min tallar fatar damisa da ƙahon ɓauna, wai a kafa a bango. Tunda ba hoto ba ne, ai babu matsalar malamai ko?

ƊanGembu:
Garkuwa, don girman Allah kada ka saya. An kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an ƙara mata ƙarfi a 2016, damisa na cikin jerin da aka hana cinikinsu. In ka fita da ita waje kuma yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya a kan cinikin namun daji, ta hau kanka a filin jirgi. Bar ma batun doka. Duk fatar da aka saya, an ba wani kuɗin harsashi ya koma ya nemo wata. Masu gadin daji nawa aka kashe a Yankari da Gashaka a kan wannan? Zakunan da suka rage a Najeriya ƙalilan ne, a Yankari da Kainji. Mai ɗaukar hoto yana barin dabbar a inda ya same ta, gobe wani ya zo ya gani.

Almajirin_Zaure:
Garkuwa, akwai matsalar malamai kuwa. Ya zo a hadisi an hana amfani da fatun namun daji masu kai hari, kamar shimfiɗa su ko hawa kansu. Ga kuma ɓarna a bayan ƙasa. Ka bar shi.

Nana_Asabe:
Ni shawarata ga mai ƙananan yara ce. Yayata ta sa babban hoton zaki ya buɗe baki a falo. Da rana ba komai. Da dare in an ɗauke wuta aka haska tocila, idon nan da haƙoran su ne ke fara bayyana, ɗanta mai shekara 4 ya daina yarda ya ratsa falon shi kaɗai, sai da aka sauke. In za ki sa, ki zaɓi dabba a natse, tana kiwo ko tana shan ruwa, daga ɗan nesa, ba fuska cike da firam ba.

Sadiq_Fagge:
Haka ne Anti Nana. Kuma damisar nan mai ratsi-ratsin ja da baƙi da ake sayar da hotonta a bakin titi ta Asiya ce, Indiya da maƙwabtanta. Tamu mai ɗigo-ɗigo ce.

Abu_Mus'ab:
Bari in kawo mafita ga wanda zuciyarsa ba ta natsu ba amma yana son daji. A ɗauki dajin kansa. Tsohuwar kuka da rani ba ganye, giginya a bakin fadama, ruwan Wikki garai-garai a ƙarƙashin dutse, hazon Mambila da ƊanGembu ya faɗa. Na taɓa ganin hoton sawun giwa a laka, ruwa ya kwanta a ciki, ganye ɗaya yana yawo a kai. Babu dabba a hoton, amma duk wanda ya kalla ya san ta wuce ta nan. Wannan babu malamin da zai ce uffan.

MaiKyamara_Zariya:
Malam, wannan shawarar ta yi min, har ta ba ni aiki. Sai dai yaron Sadiq_Fagge da bai san gwanki ba, sawu ba zai nuna masa gwanki ba. A nan ne nake ganin littafin hotuna a kan tebur, a buɗe a rufe, ya fi bango.

Zango_Kumasi:
Muna biye da ku daga Gana. Nan damina biyu muke yi a shekara, don haka maganar Kafinta_Rimi a kan danshi ta fi shafarmu. Na ga hoto ya manne da gilashi, in ka ɗaga sai fuskar takardar ta biyo. Mai firam ya ce min a sa kwali mai taga tsakanin hoto da gilashi, kada su taɓa juna, tun daga nan ban sake gani ba. Nawa giwayen gandun dajin Mole ne a bakin tafki, ƙanina ya ɗauka da ya je ta Larabanga. A ɗakin karatu na sa, falo kuma Ayatul Kursiyyu ce.

Maman_Ilham:
Na karanta duka, na kuma karanta wa maigidan. Na shagon dai na haƙura da su, ko don turare. Yanzu shi ya karkata ga shawarar Malam Abu Mus'ab, kuka da kogi da hazo. Ni kuma har ga Allah raƙuman dawan Bamaraɗe sun tsaya min a rai, ina tunanin ko a koridon ɗakin yara inda ba a sallah. Mun ce za mu tambayi limamin unguwarmu ranar Juma'a. Na riga na manna jarida a bango yadda Anti Zulai ta ce, sai na ga uku sun yi wa wurin yawa, kamar babba ɗaya a kwance zai fi.

Ummu_Khairat:
Allah ya zaɓa mafi alheri 'yar'uwa. Ni dai ko a korido ina nan a kan bakata, gida ɗaya ne.

Bamaraɗe_227:
In limamin ya ba ku dama, ki yi min magana, in tambayi wanda ya ɗauki nawa ko zai sayar miki da fayil ɗin.

Zulai_Kayan_Ado:
In ɗaya ne a kwance, inci 24 da 36 zai yi wa kujerar ƙanƙanta shi kaɗai, sai dai ki cike gefe da faifai. In ba haka ba ki je 30 da 48.

Kafinta_Rimi:
30 da 48 da gilashi nauyi ne sosai, kuma a saman kan mutane zai zauna, ga yara suna tsalle a kujera. A wannan girman ni roba mai kama da gilashi nake sawa, ba ta fashewa, sai dai tana jan ƙura kuma busasshen tsumma yana ƙarce ta, da laushin ƙyalle mai ɗan danshi ake goge ta. Hajiya, bangon bulo ne mai rami ko cikakke? Ki ƙwanƙwasa ki ji, don sukurun da za a saya ya danganta da haka.